Ku Ba Yara Labarin Al-Jahiz

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Gadarif nake rubuto muku, ƙasar dawa da riɗi. Ni malamin firamare ne, kuma roƙo gare ni a kan filinku na yara.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe makarantu, sai na riƙa tara yaran unguwa a gindin darbejiya bayan la'asar. Ba littafi, alli ma sai an sha nema. Ran nan na tarar sun yi cincirindo a bakin ramin tururuwa, ɗaya ya ɗaga buta zai tuttula ruwa a ciki. Na ce a'a, ku tsuguna mu gani. Ga wata tana jan ƙwayar dawa da ta fi ta girma, da baya da baya, ta saki, ta sake kamawa. A nan na ɗauko musu labarin Al-Jahiz.

Mutumin Basra ne a Iraƙi, sunansa Amru ɗan Bahar, an haife shi wajen 776 ta miladiyya, ya rasu a 255 ta hijira (wajen 869 ta miladiyya). Fitowar idanunsa ta jawo masa wannan laƙabi. Ɗan talakawa ne. An ce gurasa da kifi ya sayar yana yaro, kuma yakan yi hayar shagon masu littattafai ya kwana a ciki yana karatu. Littafinsa na dabbobi, Kitabul Hayawan, mujalladi 7 ne.

A ciki ya ce tururuwa takan raba ƙwaya biyu don kada ta tsiro mata a rami, amma ƙwayar kasbara (koriyanda, kayan ƙanshin miya) huɗu take raba ta, domin rabinta ma yana tsirowa. Wata yarinya ta ce, “Malam, anya kuwa?” Wallahi na ji daɗin wannan anya. Muka samo kasbara a kicin ɗin mahaifiyarta, muka fasa biyu biyu, muka binne a gwangwanin madara. Bayan kamar mako biyu sai ga tsiro. Ihun da suka yi har maƙwabta sun leƙo.

Al-Jahiz ma haka yake yi. Ya karanta Aristotal, masanin Girka na dā, amma bai haɗiye komai ba tauna ba. Yakan tambayi makiyaya da maharba da matuƙa jirgin ruwa, in labari bai kwanta masa ba ya faɗa a fili. A wurinsa ƙuda da sauro ayoyin Allah ne da suka cancanci a zauna a kalla.

Na san wani zai ce ai Mu'utazili ne, wato ɗan ɗarikar nan mai fifita hujjar hankali a aƙida. Haka ne, amma ba aƙida za mu ɗauka a wurinsa ba. Masu cewa ya riga Darwin, Baturen masanin halittu, gano yadda halittu ke sauyawa kuwa, ni ina ganin sun zarce, kada a ɗora wa yara wannan.

Larabcinsa ya yi wa yaranmu tauri, ko da a Sudan aka haife su. Ku ware masa minti 10 da Hausa, ko da sau ɗaya a mako. Ku fara da labarinsa na alƙalin Basra, wanda ba ya ko motsi a zaman shari'a, har ƙuda ya sauka masa a gefen ido ya hana shi sakat. Nawa yaran sun sa na maimaita shi sau uku.

Naku mai sauraro,
Wani malamin firamare, Gadarif, Sudan