Wasiƙa daga Marwa: littafin da na fara cikawa

Marwa ta Kamaru, daren Laraba

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na san shirun ya yi tsawo, tun bikin autarmu ban aiko miki da ko layi ɗaya ba, amma yau akwai labarin da na kasa riƙewa, kuma ke ce kika fi cancantar jin sa.

Kin tuna littafin nan mai bangon fata da kika saya mini wurin dukawa kafin ki koma Injamena? Shekara biyu yana kwance a ƙasan akwati, domin duk lokacin da na buɗe shi sai farar takardar ta yi mini kwarjini, in ga ba ni da maganar da ta isa shiga ciki. Abin da ya warware mini wannan ƙulli shi ne littafin 'yan makaranta mai shafi 96, wanda ya rage daga sayayyar yara ta watan Satumba. Da yake mai araha ne, ban ji tsoron ɓata shi ba. Da hunturun nan na sa wa kaina ƙa'ida guda, wato minti 10 bayan sallar isha'i, in sa kwanan wata, sannan in rubuta abu ɗaya da idona ya gani a ranar. Abin da ke zuciya kuwa, na lura shi yake biyo alƙalami da kansa.

Shafin farko a kan kogin garinmu Mayo Kaliyawo ne, yadda ya ƙafe har mata suna tonon yashi kafin su sami ruwa. A gefe na liƙa ganyen darbejiya guda uku da ƙaro, na zana tulu da biro, ko da yake bakinsa ya karkace.

Harshe ne ya fi ba ni wahala. Mu da muka yi boko da Faransanci, ba wanda ya koya mana rubuta Hausa, shi ya sa da farko nake rubuta "tchiniki" da "koudi" kafin hannuna ya saba da "ciniki" da "kuɗi". Yanzu na daina takura wa kaina. Maganar kasuwa ina barin ta da Fulatancin da aka yi ta, lissafin sefa da Faransanci, maganar Kaka kuma da ajami, da alƙalamin kara da tawadar da na haɗa daga baƙin tukunya da ƙaro, yadda muke yi a makarantar allo. Gefen shafukanta ina yi musu zayyana irin ta allon sauka, ja da kore.

A nan ne littafin ya zama abin da ban zata ba. Ranar Juma'a Kaka ta ba ni labarin yadda mahaifinta ya taso daga Kano cikin ayarin fatake har ya zauna a ƙasar nan. Da na karanta mata abin da na rubuta, sai ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce, "Ba jaki ɗaya ba ne, jakuna bakwai ne, gyara." Na gyara hawaye na zuba, domin jikinta ya yi rauni ƙwarai bana, kuma ban san shafi nawa ya rage mana tare ba. Labaranta kaɗai zan kwafe cikin littafinki mai bangon fata.

Ke da kike cewa ba ki da lokaci, ai minti 10 ba su fi ƙarfinki ba, ki fara da abin da kike hangowa daga ƙofar gida. Idan kin sami mai tsallakowa ta garin Kuseri na bakin iyaka, ki aiko mini da ƙaro mai kyau irin na Chadi, nawa ya kusa ƙarewa. Kaka tana gaishe ki, tana tambayar yaushe za ki zo.

Taki har kullum,
aminiyarki ta Marwa