Wasiƙa Daga Legas: Gidan Da Muke Gyarawa A Popo Aguda

Obalende, Legas.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya Kano, yaya sanyi? Mu nan sai godiyar Allah, zufa ce dai ba ta barin mutum ko da dare.

Na ji ƙorafinka cewa na ɗauke ƙafa, ko waya ba na kira. Wallahi aiki ne ya riƙe ni, kuma labarin aikin ya fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna in rubuto maka.

Wata huɗu ke nan ina aikin kafinta a wani tsohon gidan sama a Popo Aguda, kusa da dandalin Campos, inda muke ratsawa da ƙafa in an aike mu Idumota muna yara. Ka tuna gidajen nan masu dogayen tagogi da adon fure a saman ƙofa? Mun ɗauka na Turawa ne. Ashe na Aguda ne, 'yan Afirkan da aka kai bauta Brazil, suka 'yantu suka dawo a ƙarni na 19 da sana'ar gini da sassaƙa a hannunsu. Har da Hausawa a cikin bayin da aka kai Bahia ta ƙasar Brazil, shi ya sa ba na ɗaukar wannan tarihi a matsayin na wasu.

Magadan gidan sun daɗe suna ja-in-ja. Wasu na son a sayar a rushe a kafa rukunin shaguna, wasu sun ce sai dai a gyara. Allah Ya sa masu gyara suka rinjaya, suka ɗauko wata matashiya mai zanen gine-gine. Ranar farko na zo da shirin cire tagogin gaba ɗaya a sa na alminiyam. Ta ce a'a, Malam, kowace taga a sa mata lamba, a sauko da ita a hankali, a kankare. Raina bai so ba, don aikin sati guda ya koma na wata biyu. Amma da na fara kankarewa, fenti kan fenti, kore a kan shuɗi a kan fari, sai ga katakon loko ja-wur, gara ba ta taɓa shi ba. Babu ƙusa ko ɗaya a mahaɗinsa, tsaga aka yi aka cusa, ya kama gam. Na daɗe riƙe da shi ina tunanin hannun da ya yi wannan aiki. Inda ya ruɓe kawai nake yankewa in yi masa maho da irin katakonsa.

Bangon kuwa ya tuna min gidan kakanka. Wasu can baya sun yi wa tsohon tubalin shafen siminti da niyyar ƙarfafa shi, sai simintin ya tsare danshi a ciki, tubalin ya riƙa marmashewa kamar garin kwaki. Yanzu magina na ɓamɓare shi suna yaɓe da farar ƙasa da yashi, don bango ya samu hanyar fitar da laima. Haka simintin zauren nan naku ya ɓallo falle guda a damina, ko ka manta? An kuma sa sabbin wayoyin lantarki da famfo da banɗaki, an zurfafa kwata saboda ambaliya, domin gidan zama ne, mutane za su ci gaba da kwana a ciki.

Abin da ya sa nake ɗaukar aikin nan da zafi shi ne Ilojo Bar. Ka san shi, tsohon gidan nan irin na Aguda da a da yake gefen dandalin Tinubu. An gina shi a 1855, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, amma ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, aka kawo katafila aka baje shi. Har yau in na wuce wurin sai na ji zuciyata ta sosu. Alhali ga kurkukun Broad Street, inda Turawa suka tsare ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay, mai zanen gine-gine Theo Lawson ya mai da shi wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park a 2010 ba tare da ya rushe katangar ba, yara na wasa a ciki. Ga masallacin Shitta-Bey a titin Martins, tun 1894 ake salla a cikinsa, can nake yin azahar kullum.

Damuwata ɗaya ce. Gida in ya yi kyau, kuɗin haya kan tashi, sai ka ga waɗanda suka zauna cikinsa lokacin da yake yoyo su ne farkon fita. A ƙasan gidan akwai wata tsohuwa Bayarabiya mai ɗinki, ga kuma wani ɗan'uwanmu mai shayi da ya yi shekaru a bakin ƙofa, shi ke gadin layin da dare ba wanda ya sa shi. Na yi wa mai zanen magana, ta kai wa magada, sun yi alkawarin barin su a kuɗin da za su iya. Na ce a rubuta a takarda. Har yanzu ina bibiya, ba zan gaji ba.

Ina da roƙo. In ka je cikin gari, ka ɗauko min hoton ƙyauren zauren kakanka, gaba da baya, musamman wajen sakata. Babbar ƙofar gidan nan sakatarta ta ɓace, kuma ina ganin irin taku za ta dace da ita. Bayan azumi muke sa ran mayar da tagogin, in Allah Ya yarda ka zo ka gani da idonka, masauki na nan.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a. A shafa min kan yara.

Naka amini har kullum.