Baƙi a Garin Baƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina,

Baba, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Ni alhamdu lillahi, sai sanyi da har yau muka kasa shiryawa da shi.

Tun da na baro birni na dawo wannan ɗan gari, duk wayar da muka yi sai kun tambaye ni: su wane ne mutanen garin, kuma akwai namu a ciki? Kullum nakan ce Turawa ne da sauransu, don na san Inna tana gefe tana jiran a miƙa mata wayar. Yau ba ni da aiki, shi ya sa na zauna in ba ku amsar da ta dace.

Sunan garin Postville, a arewa maso gabashin jihar Ayowa ta Amurka. Gonakin masara ne suka kewaye shi iya ganin ido. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 2,503, a 1990 kuwa 1,472 ne kacal. Ƙauyukan wannan yanki galibi raguwa suke yi, yara na gama makaranta su tafi birni, amma wannan ƙaruwa ya yi. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. A 1987 wani mahauci Bayahude daga Niyok, Aaron Rubashkin, ya sayi tsohuwar kwatar garin da ta mutu, ya mai da ita wurin yanka irin na addininsu. Malamansu masu yanka suka biyo shi da iyalansu. Aikin fiɗa da daddatsa nama kuma yana son hannu da yawa, 'ya'yan manoman yankin ba sa so, sai mutanen Rasha da Yukiren suka zo, daga baya 'yan Meziko da Gwatamala suka cika wurin. A bakin garin har allo aka kafa da ke cewa nan garin duk duniya ne.

Ranar Asabar da safe in na tsaya a ƙofar gida, sai in ga Yahudawan da dogayen baƙaƙen riguna da manyan huluna suna tafiya wurin ibadarsu a ƙafa, domin ranar ba sa tuƙa mota komai ƙanƙara. Matan Somaliya na wucewa da hijabi har ƙasa. Wata 'yar Gwatamala, gajeruwa, tana jan yara uku tana yi musu faɗa da wani yare da ba Sifaniyanci ba, na kakanninsu ne, mutanen Maya. Sai wani dattijon manomi ya zo a akori-kurarsa ya ɗaga wa kowa yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Gaisuwarsu ke nan. Da farko na ɗauka raini ne.

To amma in kuka duba takardar gwamnati, ba haka za ku ga garin ba. Ƙidayar 2010 ta ce kashi 77 cikin ɗari farare ne, ta kuma ce kashi 32 'yan asalin ƙasashen Latin ne. Na san ku da lissafi, Baba, za ku ce ai an haura ɗari. Ba kuskure ba ne. Tambaya biyu suka yi dabam dabam: ta farko, ko asalinka daga ƙasashen masu Sifaniyanci ne, ta biyu, mene ne launinka. Don haka mutumin Meziko yana iya shiga ta farko, a ta biyu kuma ya ce shi fari ne, ko ya zaɓi "wani launi dabam" don bai ga kansa a ko'ina ba. Waccan matar mai yaren Maya, da ƙyar take jin Sifaniyanci, amma gurbinsu ɗaya da ɗan birnin Madrid.

Ni ma na cika wannan fom ɗin a 2020, lokacin ina birni. Na daɗe riƙe da biro. Gurbina shi ne "baƙar fata ko Ba'amurke ɗan asalin Afirka", a ƙasa an bar layi ka rubuta asalinka, an ba da misali da Jamaika, Haiti, Nijeriya, Habasha da Somaliya. Na rubuta Hausa da manyan baƙaƙe, ko da wanda zai karanta bai taɓa jin sunan ba. Abin da ya ba ni dariya, a gurbin farare an jera Bajamushe da Bature ɗan Ingila, sai ga ɗan Labanan da Bamisire a tare da su. Wani abokina ɗan kudancin Masar, wanda ya fi ni duhu nesa ba kusa ba, fari ne a takarda. Sai a 2024 gwamnati ta yarda za a buɗe wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu gurbin.

Wato a idon takarda, ni da Basomale da jikan bayin da aka kawo shekaru ɗaruruwa da suka wuce duk abu ɗaya ne. Ban ƙi ba, domin a kan titi ma haka ake ganinmu, kuma abin da ya samu ɗaya yana iya samun ɗayan. Amma ba ma jin yaren juna, tarihinmu ba ɗaya ba, abin da ke hana kowannenmu barci ma dabam. Nakan ce a raina, Hausa ta riga su: kalma ɗaya muke rubuta wa mai duhun fata da waɗanda suka zo daga nesa. Ni a nan na haɗa duka biyun.

Game da tambayarku ta Musulmi kuwa, takarda ba za ta amsa ba, domin ƙidayar Amurka ba ta tambayar addini. Shi ya sa Yahudawan nan, da duk garin ya san su a matsayin jama'a mai zaman kanta, suka ɓace cikin farare. Amsa ta ido ita ce akwai, yawancinsu Somaliyawa, kuma da su nake salla. Yadda suka zo ma labari ne mai ɗaci. Ranar 12 ga Mayu, 2008, jami'an shige da fice suka dirar wa kwatar har da jirgi mai saukar ungulu, suka kama mutum 389, mafi yawa 'yan Gwatamala. Ku auna wannan da yawan mutanen garin. Mata da yara suka gudu suka kwana a cocin Katolika, wasu iyaye mata aka sake su da na'urar sa ido ɗaure a ƙafa don su kula da 'ya'yansu. Gidajen haya suka zama kango. Da aka rasa ma'aikata aka shiga nemo wasu, har daga Palau, wasu tsibirai a tekun Fasifik, da kuma 'yan gudun hijirar Somaliya. Har yau in ka ambaci ranar, manya sukan yi shiru.

Inda na fi fahimtar garin shi ne wurin aikina, gidan kula da tsofaffi da nake zuwa a nan kusa. Waɗanda ke kwance a gadajen kusan duk farare ne, jikokin Jamusawa da mutanen ƙasar Nowe. Mu da ke juya su, muna ba su abinci a baki, daga ko'ina muka fito. In kuma an tashi daga makarantar firamare, kallo ɗaya zai nuna maka yaran ba su yi kama da tsofaffin ba. Tsofaffin gari wasu, yaransa wasu, kuma wannan ba ya fitowa a jimla.

Akwai wani tsoho da nake yi wa aski. Kullum sai ya tambaye ni ko ni Basomale ne, in ce a'a, gobe ya sake. Wata rana ina shafa masa kumfa ya riƙe mini hannu ya ce kakarsa har ta mutu Turancinta bai nuna ba. Ya ce a 1918, lokacin yaƙi da Jamus, gwamnan jihar, William Harding, ya hana yin kowane yare in ba Turanci ba a makaranta, a coci, har a wayar tarho, kakarsa ta koma yin addu'a a ɓoye. Na bincika, haka aka yi. Kafin su ɗin ma, an taɓa tsugunar da ƙabilar Ho-Chunk, ɗaya daga ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka, a wannan yanki, aka sake kwashe su a 1848. Wannan tsohon dai shi ne jiya ya gama yi mini ƙorafin cewa baƙi sun cika musu gari, ina riƙe da reza a maƙogwaronsa. Da muka gama ya ce Allah ya yi mini albarka.

Ba zan ɓoye muku ba, zaman ba irin na tsintsiya ba ne. Kowa da wurin ibadarsa, da shagon da yake sayayya, da waɗanda yake aura. Ana gaisawa, ba a cika shiga gidan juna ba. Yara ne kawai suka cakuɗe, a aji da filin ƙwallo. Amma ba wanda ya taɓa tare ni da mugun nufi, don haka ku kwantar da hankalin Inna.

Ku gaida mini ita da kyau, da Goggo, da Kawu, da ƙannena duka. Hotunan da ta ce in turo, zan ɗauka in rana ta fito, don yanzu duk garin fari ne fat da ƙanƙara. Ina neman addu'arku kamar kullum.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.