Masu dasa tsiro a akwatin kifi, ku fara duba zafin Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, in yi magana kan wata sana'a da ta fara shiga hannun yaranmu a nan Legas, wato haɗa akwatin kifi na gilashi da dasa tsirrai a cikinsa. Ni aikina yankan gilashi da haɗa tagogin alminiyom a Agege, shi ya sa masu son akwatin sukan zo in yanka in manna musu. Su ne kuma ke dawowa bayan wata ɗaya ko biyu da kuka iri ɗaya: tsiro ya ruɓe, ruwa ya koma kore, kifi na haki a saman ruwa da asuba. In sun koma wurin mai sayarwa sai ya ce su ƙaro wasu. A ganina tun wajen haɗin aka yi ɓarnar, an tara tsirran da bukatunsu suka sha bamban a ruwa ɗaya.

Mafarin abin waya ce. Yaro ya ga hoton akwati irin na Takashi Amano, Bajapanen nan gwanin dashen tsiro a akwatin kifi da ya rasu a 2015, ƙasan ya rufe da ciyawa kore shar, baya kuma jajayen ganye, sai ya ce irinsa yake so. Abin da hoton bai nuna masa ba shi ne tukunyar iskar kabon da ake hura wa tsiron, wadda ke ɓoye a ƙarƙashin teburi, da fitila mai ƙarfi da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi inda ruwa ke zaune a digiri 24 ko 25. Mu kuwa a ɗakin kwano, a watan Maris, ruwan akwati kan haura digiri 30, wuta kuma sai yadda aka ga dama aka kawo. Akasarin tsirran da ake shigo da su sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. Akwai wata doguwa mai ƙananan ganye, Ejeriya, da ake yawan cusa wa masu farawa saboda arha. 'Yar Kudancin Amurka ce mai son ruwan sanyi, a zafinmu narkewa take yi ta ɓata ruwan gaba ɗaya.

Abin takaici, tsiron da ya fi kowa jure halinmu ɗan gida ne, amma sai ya zaga Turai da Asiya kafin ya dawo mana da tsada. Anubiyas nake nufi, mai kaurin ganye kore mai duhu. A bakin rafukan dazukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru yake fitowa, a inuwa, manne da duwatsu. Nau'insa da ya fi yaɗuwa a duniya yana ɗauke da sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar Baikie, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, zuwa kogin Neja a 1857. Ba ya son haske mai yawa, ba ya bukatar ƙasa, yawancin kifi ba sa iya cin ganyensa, kuma in an kwana biyu babu wuta bai san an yi ba. Sharaɗinsa ɗaya: yana da wani kara mai kauri a kwance, kamar ɗanyar citta, wanda ganye da saiwa ke fita daga jikinsa. In ka binne wannan karan a tsakuwa, ya ruɓe. Ɗaure shi ake yi da zare a jikin dutse ko icce, bayan 'yan makonni saiwar ta kama da kanta. Haka ake yi wa ganyen Jaba, na kudu maso gabashin Asiya, kuma su biyun suna zama wuri ɗaya ba tare da wata matsala ba, don abin da ɗaya ke so shi ɗayan ke so.

Raunin Anubiyas shi ne nawa. Sabon ganye ɗaya kan ɗauki makonni, don haka in haske ya yi masa yawa, gansakuka ce ke riga shi amfana, ta lulluɓe ganyen baƙi ƙirin. A nan kainuwa ke shigowa, ita ɗin dai da muka sani a kududdufan Arewa. Tana yawo a sama, tana yi masa inuwa, saiwarta kuma na zuƙe takin da kashin kifi ke bari a ruwa kafin gansakuka ta samu. A wurina babu haɗin da ya kai wannan dacewa da ɗakin talaka a Legas. Sai dai kainuwa ba ta san iyaka ba. In ka bar ta sai ta rufe fuskar ruwan duka, kuma da dare tsiro ma shaƙar iska yake yi kamar kifi. Ga ruwa da zafi, wanda dama ba ya riƙe iska sosai, ga famfon iska ya tsaya saboda an ɗauke wuta, ga sama a toshe: hakin asuban da ake kawo mini ƙara ke nan. Ni nakan ce a lanƙwasa siririn tiyo a yi zobe, a killace ta a ciki, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. A kuma ɗaga murfi kaɗan, don ganyenta ba ya son raɓar da ke ɗigowa daga gilashi.

Masu ci ta saiwa lissafinsu daban. Bado, wanda Turawa ke saye da tsada saboda jan ganyensa mai ɗigo-ɗigo, yana son ƙasa mai taki a ƙarƙashin yashi. Yana da kyau ƙwarai, amma burinsa kullum ya kai ganye saman ruwa, in ya kai kuwa duk na ƙasa sun shiga duhu. Wanda ke son ya zauna gajere sai ya riƙa yanke duk ganyen da ya miƙe sama tun daga tushe. Kada a haɗa shi da takobin Amazon, wani tsiro mai faɗin ganye da shi ma ke ci ta saiwa, a ƙaramin akwati. Akwatin da aka fi sa ni yi tsawonsa santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54 in an cika shi. Saiwar ɗayansu kaɗai ta isa ta mamaye ƙasan, na biyun sai ya yi ta rawaya har ya mutu. Balisneriya kuma, mai dogon ganye siriri, tana jure zafi, amma haske take so, don haka ba ta shiri da kainuwa mai yawa, kuma tana aika 'ya'ya ta ƙarƙashin yashi har su ɓullo a gaban gilashi. A ajiye ta a baya, a binne ɓallin gilashi a tsaye ya tare ta. Wannan ɓallin kyauta nake bayarwa, yana nan jibge a shago.

Akwai kuma ha'incin da ya kamata a faɗa. Ana sayar da gorar nan ta ado, wadda ake sawa a kwalba a ofisoshi, a ce tsiron ruwa ce. Saiwarta ce kawai ke iya zama a ruwa. In ganyen ya nutse, mutuwa take yi a hankali, tana ruɓar da ruwan.

Batun ruwa kansa, kowa ya san nasa. Na burtsatse a unguwanni da dama yana da tsami da sinadarin ƙarfe, shi ne ke barin ja a bokiti. Wannan a bar shi ya kwana ya kwanta, Anubiyas da bado ba sa ƙinsa. Wajen Leki da Aja wasu rijiyoyin zartsi gare su, kuma kainuwa ba ta ɗaukar gishiri. Wanda ke saye wurin 'yan'uwanmu masu ruwa, ya tambayi inda suka ɗebo, ya kuma tsaya kan wuri ɗaya. Na famfo mai kulorin a bar shi a buɗe ya kwana. A canja rubu'in ruwan duk mako, fitila kuma awa 6 zuwa 8 ta wadatar. Ƙaramin kwan sola ya isa wannan haɗin da na faɗa. Sannan kada a zuba karfasa ko kifin zinare a akwatin da aka yi wa dashe, ɗaya haƙa yake yi, ɗayan kiwo.

Abu na ƙarshe shi ya fi damuna, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Tsiron da ya yi yawa a akwati, ina ake kai shi? Na ga masu watsa shi a kwata, kwatar Legas kuwa duk lagun take nufa, wato babban tafkin nan da ke haɗe da teku. Baƙuwar kainuwar nan mai kumburarren kara da fure shuɗi-shuɗi, da ke toshe hanyar jiragen ruwa a Ikorodu duk shekara, ta hana masunta jefa taru, asalinta daga yankin Amazon ne, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. A 1984 ta shigo mana ta rafin Badagiri daga wajen Jamhuriyar Benin, har yau ana fama. Cikin kamar mako biyu take ninka kanta. Tsirran da ake shigo da su yanzu don akwati, da yawansu guntun kara kaɗai ya ishe su su kafu. Don Allah duk wanda ya rage tsiro ya shanya shi a rana ya bushe ƙayau, sannan ya ƙone ko ya binne a tukunyar fure. Ku ma, Malam Edita, in da hali ku tura wakilinku na Legas wurin masu sayar da kifin ado, ya tambaye su abin da suke yi da ragowar da ba ta sayu ba.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai aikin gilashi,
Agege, Legas.