Kafin a sa wa hayaƙi farashi, a fara sayen ma'auni

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan harajin hayaƙi da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta buɗe wa ƙofa a Najeriya. Wasu na cewa da zarar an sa wa gurɓata muhalli farashi, gwamnati ta huta, kasuwa za ta yi sauran. Ba haka abin yake ba.

Hanya biyu ce. Ko dai gwamnati ta yanka kuɗi a kan kowane tan na hayaƙi, ko ta ƙayyade jimillar da za a fitar a shekara, ta raba takardun izini, kowace ɗaya tan guda. Kamfanin da ya rage nasa cikin sauƙi ya sayar da rararsa ga wanda ragewar za ta yi wa tsada. Amurka ta bi hanya ta biyu a 1990 kan hayaƙin farar wuta na tashoshin lantarki masu amfani da kwal, kuma ta ci nasara. Amma fa an ɗora na'urar awo a kan bututun kowace tasha, tana ƙirga dare da rana, wanda kuma ya wuce izininsa zai biya dala 2,000 kan kowane tan. Awon da tarar su suka riƙe tsarin.

Tarayyar Turai ta fara nata a 2005, sai aka raba takardu fiye da hayaƙin da ake fitarwa. Farashin da ya kai kusan yuro 30 a 2006 ya faɗi ƙasa da yuro ɗaya a 2007. Wa zai kashe kuɗi ya gyara injinsa alhali izinin ya zama kamar kyauta?

Mu ma mun ga irin wannan. An hana ƙona gas a rijiyoyin mai tun 1984, amma tsawon shekaru tarar naira 10 ce kacal a kan kowace ƙafa dubu (cubic feet) ta gas da aka ƙona. Biyanta ya fi shimfiɗa bututu arha, shi ya sa wutar ba ta mutu ba a Neja Delta. Sai a 2018 aka kai ta dala biyu ga manyan kamfanoni.

Akwai kuma inda ciniki bai dace ba sam. Hayaƙin kabon duk inda aka rage shi daidai ne. Ruwa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam mai guba da masana'antun jima ke saki a Challawa da Sharada kuwa, mai noman rani a gefen kogin shi ke shayar da latas da tumatirinsa da shi. Takardar da aka saya a Legas ba za ta tace masa ruwa ba. Nan doka ce kai tsaye: a tace, ko NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ta rufe masana'antar.

Ina kira ga 'yan majalisarmu, tun da su ke da ikon kafa haraji da amincewa da kasafi, su sa a doka cewa hukuma ce za ta auna hayaƙi ba kamfani ba, a riƙa buga alƙaluman duk shekara, a kuma fayyace asusun da kuɗin zai shiga.

Naka mai karatu,
daga Kano