Mu Daina Kiran Layin 112 Da "An Ce"

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan uwana mutanen Jos a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke kiran layin gaggawa na 112 a kan jita-jita. Ni malamar firamare ce, a garin nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake koyarwa.

Kwanakin baya da hantsi muna cikin aji sai muka ji wata ƙara mai ƙarfi daga wajen titi. Kafin ka ce kwabo ƙofar makaranta ta cika da iyaye mata, wata ko takalmi babu, wata mayafi a hannu, kowacce tana ƙwala wa ɗanta kira. Magana ɗaya ce a bakinsu, wadda duk ɗan Jos ya san ta: "An fara!" Masu shaguna suka ja ƙofofi, masu keke suka juya. Wata uwa da ke tsaye kusa da ni tana kan waya, jikinta sai rawa yake, tana gaya wa wanda ya ɗauka cewa ana harbe-harbe, a turo sojoji. Na dafa kafaɗarta na ce, "Baiwar Allah, ke kin gani da idonki?" Ta ce a'a, maƙwabciyarta ce ta faɗa mata. Sau uku ta kira a gabana. Ashe tayar wata babbar mota ce ta fashe.

Wallahi ban ga laifin tsoronta ba, don ni ma gabana ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Mu da muka ga ranar Juma'ar 7 ga Satumba 2001, muka ga Nuwamba 2008 da Janairu 2010, muka kwana cikin dokar hana fita ba gari ba gishiri a gida, ba sai an koya mana firgita ba. Bama-baman da suka tashi a kasuwar Terminus ranar 20 ga Mayu 2014 sun ci rayuka sama da 100, kuma da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da ya yi zaman makoki ba. Tsoron gaskiya ne. Abin da nake kuka da shi shi ne inda muke kai shi.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ware lamba 112 don kiran gaggawa, kyauta, ko da babu kati a waya. Kiran yana shiga wata cibiya, wanda ya ɗauka ya saurare ka, sannan ya tura maganar ga waɗanda abin ya shafa, 'yan sanda ne ko 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra ko motar asibiti. Masu ɗaukar wayar nan mutane ne ƙidayayyu, motocin ma ƙidayayyu ne. Motar da aka tura neman harbin da ba a yi ba, ita ce ba za ta samu ba lokacin da wuta ta kama shago a Katako, ko tirela ta murƙushe ɗan keke a Farin Gada. Kuma jami'in da aka tasa sau biyar ya je bai tarar da komai ba, ɗan Adam ne, a karo na shida ƙafarsa za ta yi nauyi.

Mun riga mun ɗanɗani abin da "an ce" ke haifarwa. A watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya yi ta yawo cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwa ta tashi 'ya'yanta, ɗa ya kira tsohuwarsa a ƙauye. A nan Filato aka kwantar da mutane a asibiti, wasu ma suka rasu, alhali cutar ba ta zo mana ba. A 2018 kuma, lokacin rikicin Barikin Ladi, an yaɗa hotuna a Facebook waɗanda ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, suka ƙara wa wutar fetur. Allah Ya riga Ya gargaɗe mu a Suratul Hujurat cewa idan fasiƙi ya zo mana da labari mu bincika, don kada mu cuci wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Yau labarin ba mutum ke kawo shi ba, murya ce a WhatsApp wadda ba mu san mai ita ba.

Akwai kuma yara, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Bayan abin nan ya faru na tambayi 'yan ajina wa ya san 112. Hannuwa suka tashi, na ji daɗi. Da na ce wa ya taɓa kira, sai aka fara sunkuyar da kai ana murmushi. Wani ya ce yakan ɗauki wayar babarsa ya danna don ya ji Turanci, tunda ba a cin kuɗi. Wata ta ce yayanta yakan kira ya ce gobara ta tashi, sai ya kashe su yi ta dariya. Iyaye, wayar da kuka miƙa wa yaro don ya yi shiru, ku san me yake dannawa.

Abin takaici, a inda ake bukatar kiran da gaske nan ne muke nannaɗe hannu. A yi haɗari a hanyar Bauchi, mutum na kwance cikin jini, jama'a su kewaye shi ana ɗaukar bidiyo, kowa na tsoron kada a riƙe shi a matsayin shaida. Mutane da yawa ba su san cewa tun 2017 akwai dokar ƙasa da ta tilasta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo shi. Ba su san hukumar kiyaye haɗurra tana da nata layin kyauta, 122, ba.

Don haka nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka riƙa buga waɗannan lambobi a kai a kai tare da bayani da Hausa. Mai kira ya fara da faɗin inda yake da alamar da za a gane, tunda yawancin lungunanmu a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos ba su da lambar gida. Ya faɗi abin da idonsa ya gani, mutum nawa suka ji rauni, kada ya kashe waya sai an sallame shi. In ji kawai ya yi, ya fara kiran wanda ke wurin ko mai unguwa ya tabbatar. Ina kuma roƙon limamanmu su sa maganar a huɗubar Juma'a, fastoci su faɗa ranar Lahadi, gidajen rediyon garin nan su gayyato masu ɗaukar wayar su gaya mana da bakinsu irin kiran da suke samu. Mu a makarantarmu mun sa maganar cikin ajandar taron iyaye da malamai na wannan zango.

Na gode.

Wata malamar firamare,
Unguwar Rogo, Jos