Roƙon tallafi: a taimaka yaranmu su koma kan ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, tsofaffin ɗaliban makaranta, da duk mai ƙaunar yaran nan, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya da iyali. Wannan takarda daga kwamitin iyaye da malamai ce, mai kula da shirin koyon tuƙin kwalekwalen iska na ranakun Asabar da Lahadi. Ni aka ɗora wa rubuta ta, tunda a hannuna littafin rajistar yara yake tun ranar da aka fara. Roƙo ne ya kawo mu, ba kuma za mu tsaya kewaye-kewaye ba. Injin jirgin cetonmu ya gaza, rigunan kariya sun tsufa, yau mako uku ke nan ba mu sa yaro ko ɗaya a ruwa ba.

Asabar ɗin da injin ya ƙi tashi ina wurin. Tun da sassafe yara sun jawo jiragensu bakin tafki, sun kafa sanduna, sun ɗaura zanen kama iska, kowa ya sa rigarsa ya ja zif. Iskar ranar kuwa irin wadda masu koyo ke addu'ar samu ce, ba ƙarfi ba sanyin jiki. Babban kocinmu ya ja igiyar inji, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya sake ja. Ya buɗe murfi, ya duba fulogi, ya busa tiyon mai, ya sake ja har gumi ya jiƙa masa riga. Wani yaro ɗan shekara goma ya matso kusa da shi ya ce, "Malam, ai mun iya, ka bar mu mu zaga nan kusa kawai, ba za mu yi nisa ba." Malam ya dafa kansa ya ce a'a. Ya sa aka sauke zannuwa duka, aka zaunar da yara a inuwa, aka yi darasin ƙullin igiya har azahar. Ba wanda ya yi kuka, amma na ga yadda idanunsu ke komawa kan ruwan kowane lokaci.

Kwamiti ya goyi bayan Malam ɗari bisa ɗari, har gobe kuma muna goyon bayansa. Dokarmu ce tun farko: babu jirgin ceto, babu shiga ruwa. Gara a ce mun ɓata wa yara rai da a ce mun kai wa uwa labarin da ba ya faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa shirin ma ke nan, yaro ya san ruwa, ya san haɗarinsa, ya san abin da zai yi idan ya tsinci kansa a ciki.

Da yawa daga cikin iyaye ba su taɓa ganin jiragen da idonsu ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Ƙananan jiragen da muke koyar da yara a kansu ana kiransu Optimist. Wani maƙerin jiragen ruwa mai suna Clark Mills ne ya tsara shi a 1947 a garin Clearwater da ke jihar Florida a Amurka, da niyyar a samu jirgi mai arha wanda uba da ɗansa za su iya haɗawa da falankin katako. Tsawonsa bai wuce mita 2.3 da ɗan kaɗan ba, nauyinsa kilo 35, faɗin zanensa murabba'in mita 3.3, an kuma yi shi ne don yaran da ba su haura shekara 15 ba. Gabansa a yanke yake kamar akwati, wanda ya gan shi a ƙasa zai iya raina shi. Amma a cikinsa Ben Ainslie na Birtaniya ya fara koyo yana yaro, mutumin da ya ci lambar zinariya sau huɗu a gasar Olamfik daga 2000 zuwa 2012. Guda shida muke da su. Akwai kuma guda biyu masu ɗaukar mutum biyu, samfurin 420, masu tsawon mita 4.2, waɗanda manyan ɗalibai ke hawa idan sun fi ƙarfin ƙaramin.

Ba zakarun duniya muka yi wa iyaye alkawari ba. Abin da muke gani da idonmu ma ya ishe mu hujja. Kwalekwalen iska ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya karkace kamar digiri 45, ya yi ta ratse dama da hagu har ya isa inda ya nufa. Yaron da ya shiga jirgi shi kaɗai, hannu ɗaya a kan mariƙin sitiyari, ɗaya riƙe da igiyar zane, ba mai gaya masa daga ina iska take. Sai ya karanta ta a fuskar ruwa, ya ji ta a kunnensa da ƙeyarsa. In ya yi garaje zane ya yi ta kaɗawa a banza, jirgi ya tsaya cak. In ya yi sakaci wurin juyawa sandar kwance da ke riƙe ƙasan zane ta zo ta gaishe da goshinsa. Malaman aji sun sha gaya mana cewa yaran da ba sa iya zama minti biyar wuri ɗaya sun fara natsuwa, mu kuma mun san inda suka koyo ta.

Kafin a bar yaro ya yi tuƙi shi kaɗai, dole ya kifar da jirginsa da gangan ya kuma tayar da shi. Wannan darasi ne na fi so iyaye su zo su gani. Akwai wata yarinya, shekararta goma sha ɗaya, da ta yi mako uku tana ƙin yarda. Ta iya ninƙaya, ta ci gwajin da muke yi wa kowa kafin rajista, amma da an ce a kifar sai jikinta ya ɗauki rawa. Malamar da ke horar da rukuninsu ba ta matsa mata ba. Ranar da ta shirya, Malama ta shiga ruwan da kanta ta tsaya kusa, jirgin ceto yana gefe an kashe inji. Yarinya ta jingina, jirgi ya kife, ta ɓace ƙasa da daƙiƙa biyu, rigar ta ɗago ta. Ta kewaya ta bayan jirgi, ta kama allon tsakiya, wanda ke ratsa ƙasan jirgi, da ya leƙo sama, ta ɗora nauyinta a kai, a hankali jirgi ya miƙe. Ta hau ta baya, ta ɗauki robar kwarfa ta shiga kwarfe ruwa, numfashinta sama-sama. Da ta gama ta ɗaga kai ta ce, "Malama, in sake?" Mahaifiyarta na tsaye a bakin ruwa, hannu biyu a ƙirji. Yanzu yarinyar ce ke lallashin sababbin shiga.

Abin da ya sa Malama ta iya barin yarinyar ta kife hankalinta kwance shi ne jirgin nan da ke gefe. Ga dalili. Rigunan da masu tuƙin ƙananan jirage ke sawa masu ƙarfin niyuton 50 ne, wato ma'aunin ƙarfin ɗagawarsu. Suna ɗaga mutum a ruwa, ba sa kuma hana shi motsi, amma an yi su ne don wanda ya iya ninƙaya, a ruwan da ba shi da manyan igiyoyi, inda taimako yake kusa. Ba sa juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. In sanda ta bugi yaro a ka ya faɗa ruwa, rigar za ta riƙe shi, amma sai wani ya isa gare shi nan take. Shi ya sa muke so kowane jirage shida su kasance da jirgin ceto ɗaya, da mutum biyu a ciki, direba da mai sa ido. Rigar da jirgin ceto tafiyarsu ɗaya, ɗaya ba ya tsayawa madadin ɗaya.

Masu horar da yaran nan ko kwabo ba sa karɓa. 'Yan sa-kai ne, kowa da aikinsa na mako. Akwai ma'aikaciyar jinya, akwai kafinta, akwai malamin lissafi, akwai tsohon ɗalibinmu da ke jami'a yana dawowa duk ƙarshen mako. Suna riga kowa zuwa, su duba hasashen yanayi, su auna iska. Muna bin ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga mataki na 0 zuwa na 12. Iska ta kai mataki na 4, wato gudun kilomita 20 zuwa 28 a awa, sababbin shiga ba sa fita. Aka ji tsawa kuwa, kowa ya fito, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Bayan an tashi, su ne ke wanke jirage, su shanya zannuwa, su tsaya har a zo ɗaukar yaro na ƙarshe. Kafintan nan da kayan aikinsa yake like tsagar jirage, sau da yawa ma da gam ɗin da ya saya da kuɗinsa, sai daga baya muke ji.

Ina ganin bai dace mu ci gaba da barin su a haka ba. Mutumin da ya ba ka Asabar ɗinsa da Lahadinsa kyauta, bai kamata ka bar shi yana fama da mataccen inji a gaban yara ba, bai kuma kamata ya riƙa sa hannu a aljihunsa don sabunta takardar shaidar agajin gaggawa ba. Irin waɗannan takardu suna da wa'adi, horon tuƙin jirgin ceto ma sai an biya. Biyu daga cikin kocinmu wa'adin nasu ya kusa cika. In ba a sabunta ba dole su tsaya a bakin ruwa, ko da kuwa an samu sabon inji.

Injin shi ne kan gaba a roƙonmu. Makanike ya duba shi sau biyu. Famfon da ke zuƙo ruwan sanyaya shi ya lalace ba a lura da wuri ba, ya yi zafi, cikinsa ya taɓu. Ya gaya mana gaskiya cewa zai iya tayar da shi, amma ba zai iya ba mu tabbacin cewa ba zai mutu a tsakiyar tafki ba. Injin da ba a amince da shi ba ba shi da wuri a jirgin ceto. Muna neman sabo, ko wanda aka yi amfani da shi kaɗan mai tarihin gyara a rubuce, tare da igiyar kashe inji da direba ke ɗaurawa a ƙafa, wadda ke kashe shi nan take idan direba ya faɗa ruwa.

Bayansa sai riguna. Rana da ruwa suna cin yadi da soson da ke ciki, madauri su saki, zif ya ci tsatsa. Mun gwada su ɗaya bayan ɗaya, muka ware waɗanda ba su ci gwaji ba, kuma ƙananan ne suka fi mutuwa, na yaran da suka fi bukata. Riga mai girma ga ƙaramin yaro haɗari ce, tana iya zamewa ta kansa da zarar ya faɗa. Sauran bukatun ƙanana ne amma ba sa ƙarewa: man fetur, igiyoyi, jakunkunan iska da ke hana jirgi nutsewa, zane biyu da suka yage, batirin oba-oba, da kuɗin inshora na shekara.

Wasu sun ba da shawarar a ƙara kuɗin rajista a huta. Mun zauna a kai har sau biyu, muka ƙi. Ni nake riƙe da littafin, na san yaran da ake yafe wa kuɗin gaba ɗaya ba tare da abokansu sun sani ba, na kuma san su ne za su fara ɓacewa. A duniya an san wannan wasa da na 'ya'yan masu hali ne, alhali wanda ya tsara jirgin yaran nan arha ya nufa. Makarantarmu ta buɗe shi ga kowa, mata da maza, mai shi da marar shi, ba ma so mu zama kwamitin da ya rufe ƙofar. Akwai kuma sunaye a jerin masu jira, wasu tun zangon da ya wuce, kullum suna tare ni a bakin ofis suna tambaya ko layi ya zo kansu.

Wanda Allah ya hore wa, ya kai gudummawarsa ofishin makaranta, ya ce ta shirin kwalekwale ce, a ba shi rasit. Asusun shirin daban yake da na makaranta, ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu daga kwamiti, kuma za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a taron iyaye da malamai na ƙarshen zango. Wanda yake so a sakaya sunansa za a sakaya. Babu gudummawar da ta yi kaɗan, da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya fi so ya sayo riga da kansa, don Allah ya fara tuntuɓar kwamiti a gaya masa girma da irin da ake bukata, kada a yi asarar kuɗi a kan wadda ba za mu iya sa wa yaro ba.

Ba kuɗi kaɗai muke nema ba. Makanike mai sanin injin jirgin ruwa, tela mai keken da ke ɗinka yadi mai kauri, mai mota da za ta iya jan tirela, duk muna bukatarku. Haka iyayen da za su iya ba mu safiya ɗaya a wata su tsaya bakin ruwa da littafi da usur, suna ƙirga yaran da suka shiga da waɗanda suka fito. Wannan aiki ba ya bukatar iya tuƙi ko ninƙaya, ido kawai yake so da haƙuri.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a. Asabar mai zuwa ma za mu kasance a bakin tafki daga ƙarfe takwas na safe, yara za su ci gaba da darasin ƙulli da gyaran jirage a tudu. Duk mai son ya ga injin da rigunan da idonsa kafin ya bayar, ya zo, Malam zai buɗe masa rumfar kaya.

Wassalam.

Daga kwamitin iyaye da malamai mai kula da shirin kwalekwalen iska